Daga Ƙwai Zuwa Kwaɗo: Littafin Aikin Wannan Zangon

9 ga Yuni

Na samo ƙwan yau da sassafe, bayan ruwan da aka kwana ana yi. Yana manne da ciyawa a bakin wani kududdufi, curi guda, kowane ƙwai cikin yauƙinsa. Na tsinko abin da bai cika tafin hannu ba, na bar sauran a inda uwarsu ta ajiye su. Da yake curi ne, na san na kwaɗo mai santsin fata ne. Masu kaushin baya a jere suke zuba nasu, cikin dogon zare.

Aiki biyu na sa a gaba. Na farko, mu raini ƙwan nan ni da ɗaliban babban aji har ya zama kwaɗo mai ƙafa huɗu, suna zana kowane mataki da hannunsu. Na biyu, in gina siffar cikin kwaɗo da yumɓu, wadda za a iya buɗewa a ciro hanta a ga abin da ke ƙarƙashinta. Ɗalibaina sun iya zana zuciyar kwaɗo har da sunayen sassanta, amma babu wanda ya taɓa ganin ta tana bugawa. Wannan ya daɗe yana damuna.

Akwatin gilashin tsoho ne na makaranta, wanke shi kawai na yi. Na sayi gilashin ƙara girma biyu, ma'aunin zafi, bokitai, da kayan gwajin ruwa. Kayan gwajin ne suka cinye mafi yawan kuɗin. Ruwan famfo akwai kulorin a ciki, yana kashe talibambam, don haka na haɗa ruwan sama da na kududdufin.

10 ga Yuni

Mun duba ƙwan da gilashi. Rabin sama baƙi, rabin ƙasa fari-fari, can ne gwaiduwar ta taru. Wata ɗaliba ta juya ƙwai ɗaya da tsinke, farin ya koma sama, muna kallo ya mirgina a cikin yauƙinsa ya maido baƙin sama da kansa. Gwaiduwa ta fi nauyi, ita ke rinjaya.

Rabuwar farko ta wuce mu. Ƙwan kwaɗo cikin 'yan awoyi bayan an saka shi yake tsagewa biyu daga sama zuwa ƙasa, ya sake tsagewa ya zama huɗu, tsaga ta uku kuma ta gitta a kwance. Namu ya riga ya zama ƙananan ƙwayoyi da ba sa ƙirguwa. Na ji zafin wannan, don ita ce darasin da na fi so su gani. Duk da haka abin da ya rage ya isa ya nuna dalilin da masu nazarin samuwar halitta suka riƙe kwaɗo: ƙwansa babba ne, a waje yake, ba ɓawo, ba mahaifa, komai a idonka yake faruwa. Na ba su labarin Lazzaro Spallanzani, malamin Italiya na ƙarni na 18, wanda ya ɗinka wa mazan kwaɗi ƙananan wanduna. Suka hau matan kamar kullum, matan suka zuba ƙwai, ƙwan bai ƙyanƙyashe ba. Da ya ɗebo ruwan da ya taru cikin wandon ya shafa wa ƙwai, sai ga talibambam. Aji ya ɓarke da dariya, amma sun gane abin da ya tabbatar.

12 ga Yuni

Wasu ƙwai sun yi fari fat, wani gashi-gashi ya lulluɓe su. Funfuna ce, tana fara kama ƙwan da bai haɗu da maniyyi ba, daga nan ta bi yauƙi ta kama masu rai na kusa. Na yi amfani da ɗan bututun ɗiga magani na tsotse su ɗaya bayan ɗaya. Aikin na son haƙuri, saboda yauƙin ba ya rabuwa da daɗi, ka ja ɗaya biyar su biyo. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi. Sauran sun daina zama kewayayyu, sun miƙe, ana gane kai da jela.

14 ga Yuni

Sun fito. Ba sa iyo tukuna, suna rataye jikin ciyawa da wani abu mai danƙo da ke ƙarƙashin kansu, suna cin ragowar gwaiduwa. A gefen wuya kowanne yana da mashaƙa irin ta kifi, amma a waje take, rassa-rassa, tana kaɗawa cikin ruwa.

Yau ce ranar da na fi jin daɗi tun da na fara. Na sa guda ɗaya a ɗan faranti na gilashi da ruwa kaɗan, na tura ƙarƙashin maikiroskof, na saita kan reshen mashaƙar. Jinin yana tafiya. Ƙwayoyinsa masu siffar ƙwai suna bin juna ɗaya bayan ɗaya, su hau reshen, su karya kwana a ƙarshensa, su dawo, kuma tafiyar ba ta ɗore a gudu ɗaya ba, tana zabura tana lafawa daidai da bugun zuciya. Ɗalibai suka yi layi. Ban bar kowane talibambam ya wuce minti biyu ƙarƙashin fitila ba, zafi na gajiyar da su, sai in mayar in ɗauko wani.

William Harvey ya bayyana a 1628 cewa jini zagaye yake yi a jiki, amma ya rasu bai ga inda jijiyoyin da ke fita daga zuciya suke haɗuwa da masu komawa ba. Marcello Malpighi ne ya gano waɗannan siraran hanyoyin a 1661, kuma a huhun kwaɗo ya gan su, don huhun kwaɗo jaka ce mai siririn bango da haske ke ratsawa. Abin da yaran nan suka gani yau ɗan'uwan abin da ya gani ne.

17 ga Yuni

Mashaƙar waje ta ɓace, fata ta rufe ta. Saura ƙaramar kafa ɗaya a gefen hagu inda ruwa ke fita. Sun fara iyo.

21 ga Yuni

Cin abinci ya kankama. Suna kankare gansakukar da ta fito jikin gilashi, ina ƙara musu dafaffen ganyen latas kaɗan. In ka kalli ɗaya daga wajen gilashi yana kiwo, za ka ga bakin yana da baƙin leɓe mai tauri da layukan ƙananan haƙora na ƙaho kewaye da shi. Fatar cikin ba ta da kauri, ana hango hanjin a naɗe kamar gammo. Tsawon nan dole ne ga mai cin ganye, ganye ba ya narkewa da wuri. Na ce kowa ya zana hanjin yanzu ya ajiye, za mu koma kansa nan gaba.

26 ga Yuni

Kwana biyu ke nan ina ganin kamar sun ragu. Jiya na tsinci ɗaya ba jela, yau na ga wani rabinsa kawai. Na gwada ruwa, lafiya lau. Zafi bai canza ba. Na yi tunanin ko cin junansu suke yi, don talibambam kan yi haka in wuri ya matse ko abinci ya yi ƙaranci, amma ga ganye nan ba su ƙarar ba.

Da yamma na kashe fitilar ɗaki na zauna da tocila. Can ƙasan ciyawar da na zo da ita daga kududdufi sai na ga wani abu launin laka ya motsa. Ɗan mazari ne, irin wanda bai fito daga ruwa ba tukuna, tsawonsa bai kai gaɓar yatsa ba. Ya lafe ba ya motsi, talibambam ya zo wucewa, sai leɓensa na ƙasa ya harbo gaba ya cafke shi ya janyo. Da ƙyar ido ya bi. Tun yana ƙarami ya shigo cikin ciyawar, yana girma tare da su.

Na kwashe kowa zuwa bokiti, na fitar da ciyawar duka na baje ta a faranti. Uku na samu. Na sa su a kwalba daban, ban kashe su ba, gobe ɗalibai za su duba leɓen nan kafin in mayar da su ruwa. Abin da ya rage mini bai wuce talatin ba. Kwaɗo na zuba ƙwai ɗaruruwa ko dubbai ne saboda irin wannan, kaɗan ne ke kai labari. Na san haka a littafi, amma ganin rabin talibambam a ƙasan akwatin da nake kula da shi bai yi mini daɗi ba.

1 ga Yuli

Canjin kashi ɗaya cikin uku na ruwa. Ba mutuwa. Suna ƙiba.

5 ga Yuli

Yau na buɗe babban kwaɗon da ke ajiye cikin kwalbar magani a ɗakin gwaji, shi kaɗai, don in auna sassan da zan gina. Na buɗe tagogi, na sa safar hannu, warin maganin na hawa ido.

Na fara da baki. Harshen a gaba yake manne, tsininsa na kallon maƙogwaro, shi ya sa yake iya wurga shi waje ya dawo da ƙwaro. Na sa ɗalibai su shafa muƙamuƙin sama da tsinke: akwai ƙananan haƙora a jere, da wasu biyu a tsakiyar ganda. Na ƙasa ba ko ɗaya. Ba na tauna ba ne, na riƙe abin da ke son tserewa ne. Da na danna ido daga waje, sai ga shi ya kumburo cikin rufin baki. Kwaɗo na runtse ido in zai haɗiye, idon na taimakawa wajen tura abinci. Bayan ido ga faifan kunne a fili, ba ganye.

Ciki kuwa hanta ce ta fara tare hanya, ɓangare uku, ta rufe kusan komai, matsarmama na laɓe a ƙarƙashinta. Zuciya na tsakanin ɓangarorin hantar ta sama. Huhu biyu sun motse can baya. Ga tumbi, ga gajeren hanji, ga saifa ƙarama jajir a jikin tantanin hanji. Ƙoda biyu dogaye suna kwance jikin ƙashin baya, a samansu akwai kitse rawaya mai rassa, ajiyar da kwaɗo ke ci lokacin da abinci ya yanke da lokacin haihuwa. Fitsari, kashi da ƙwai duk kafa ɗaya suke bi su fita.

Na tambaye su me babu. Sun daɗe suna kallo kafin wani ya ce haƙarƙari. Haka ne, kuma babu tantanin da ke raba ƙirji da ciki. To da me yake jan numfashi? Da maƙoshi. Ya sauke ƙasan baki iska ta shiga ta hanci, ya toshe hanci ya ɗaga ƙasan bakin ya tura ta huhu. Motsin da kowa ke gani a wuyan kwaɗo ke nan. Sauran numfashin ta fata ne, shi ya sa fatar take cike da jijiyoyin jini kuma dole ta zauna a jiƙe. Ko ruwa ba ya sha da baki, ta fatar mara yake tsotsa.

8 ga Yuli

Na tsaga zuciyar a hankali. Ɗaki biyu a sama, ɗaya mai kauri a ƙasa. Littattafai da yawa suna rubuta cewa jini mai iska da marar iska suna cakuɗewa a ɗakin ƙasa, a wuce, kamar wata kasawa ce. Ban yarda da wannan koyarwar ba. Bangon ɗakin cike yake da loko-loko da ke rage cakuɗar, kuma a bututun fita akwai murɗaɗɗen marfi da ke raba hanya. Dabbar da ke nutsewa ta daina amfani da huhu na wani lokaci, irin wannan zuciyar ce ta dace da ita.

Wani ɗalibi ya ce, "Malam, me ya sa duk labarin da ka kawo kwaɗo ne? Ba su da wata dabbar?"

Na ce masa tambayar ta fi darasin da na shirya. Naman kwaɗo ba ya buƙatar ɗumin jiki irin namu. Ka cire zuciyarsa ko tsokar ƙafarsa da jijiyarta, ka ajiye cikin ruwan gishirin da ya dace, za su yi awoyi suna aiki a kan tebur. Na ɓera ba zai jure haka ba. Luigi Galvani na Bolonya ya ga ƙafar mataccen kwaɗo tana harbawa in an taɓa jijiyarta da ƙarfe, ya buga sakamakon a 1791, gardamarsa da Alessandro Volta kuma ta kai Volta ga ƙera batir na farko a 1800. A 1850 Hermann von Helmholtz ya auna gudun saƙo a jijiyar kwaɗo, ya samu wajen mita 30 a daƙiƙa, a lokacin da manyan masana ke ganin abin ya fi ƙarfin awo. Sydney Ringer a Landan, farkon shekarun 1880, ya lura zukatan kwaɗinsa sun daɗe suna bugawa lokacin da mataimakinsa ya haɗa ruwan gishiri da ruwan famfo maimakon tataccen ruwa. Ya bi diddigi ya gano sinadarin kalsiyam ne ke cikin ruwan. Har yau akwai ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya a asibiti mai ɗauke da sunansa.

Wanda na fi so shi ne na Otto Loewi a birnin Graz na Ostiriya, 1921. Zukata biyu, kowace a ruwanta. Ya tsokani jijiyar da ke rage bugun ta farko, ta lafa. Ya ɗebi ruwan da ke cikinta ya zuba wa ta biyu, wadda ba a taɓa jijiyarta ba, ita ma ta lafa. Ashe jijiya wani sinadari take saki. Ya samu lambar Nobel a 1936 tare da Henry Dale. Na ce wa yaron kwaɗin da suka mutu a kan waɗannan tebura ba su ƙirguwa, kuma duk wanda ya taɓa kwanciya a asibiti ya ci moriyarsu.

13 ga Yuli

Siffar yumɓu ta tsage. Na gina gangar jikin da kauri, sassan ciki kuma sirara, sai sirara suka riga bushewa. Huhun hagu ya rabu biyu, hantar ta ƙanƙance har ba ta rufe zuciya yadda ya kamata, hanjin ya karye a duk inda ya lanƙwasa. Yumɓu na raguwa in ya bushe, kuma ba daidai yake raguwa ba. Aikin mako guda ya tafi.

Zan sake. Gangar jiki da jiƙaƙƙiyar takarda da gam a kan ragar waya, hanji da igiya mai kauri da aka shafe da fenti, hanta da zuciya kaɗai za su zauna a yumɓu, a shanya su a inuwa ƙarƙashin jiƙaƙƙen tsumma. Ƙarin kuɗi: waya, gam, fenti kala huɗu.

18 ga Yuli

Ƙafafun baya sun ɓullo, ƙananan tsiro biyu a gindin jela. Mun fara bin jadawalin Gosner na 1960, mai matakai 46 daga ƙwai zuwa ɗan kwaɗo, kowa na neman matakin da nasa yake.

24 ga Yuli

An ɗauke wuta tun daren jiya, injin hura iska ya tsaya, ga zafi. Da safe na tarar da su duka a saman ruwa suna haɗiyar iska, ruwan ya yi duhu yana ɗan wari. Gwaji ya nuna amoniya ta hau. Talibambam amoniya yake fitarwa kai tsaye cikin ruwa, a kududdufi ba ta taruwa, a akwati kuwa guba ce. Sai ya kusa hawa tudu hantarsa ke fara juya ta zuwa yuriya irin ta fitsarinmu. Na canza rabin ruwa, na kwashe ragowar ganye, na raba su akwati da baho don su sami fili. Biyu sun mutu kafin azahar. Sauran sun koma ƙasa da yamma.

2 ga Agusta

Na farko ya fitar da hannu. Tun shekaranjiya muke ganin gwiwar hannun tana turo fata daga ciki, don hannayen a ɓoye suke girma cikin ɗakin mashaƙa. Na hagu ya fito ta kafar ruwan nan, na dama ya huda fata. Yatsu huɗu a gaba, biyar a baya.

Daga nan komai sauri yake yi. Ya daina cin abinci. Baƙin leɓen ya zube, baki na faɗaɗa, idanu na hawa saman kai. Jelar ba faɗuwa take yi ba, ƙwayoyinta ne ke mutuwa bisa tsari, jiki ya tsotse su ya rayu da su. Duk wannan sinadarin da ƙwayar tayirod ta maƙogwaro ke fitarwa ne ke jan ragamarsa. A 1912 Friedrich Gudernatsch ya ciyar da talibambam naman tayirod, suka rikiɗe tun lokaci bai yi ba suka zama kwaɗi 'yan mitsi-mitsi. Bayan 'yan shekaru wasu suka cire ƙwayar, talibambam ya ci gaba da girma bai taɓa zama kwaɗo ba. Sinadarin nan da aidin ake haɗa shi, kuma shi ne dai a wuyan ɗan Adam, wanda ƙarancinsa ke kawo maƙoƙo. Abin da ke ɗaure mini kai, sinadari ɗaya ne ya ce wa ƙafa girma, ya ce wa jela mutu.

Na rage ruwa, na jingina akwatin, na sa dutse mai gangare. A wannan matakin suna iya nutsewa su mutu in ba wurin hawa. Na rufe sama da raga.

6 ga Agusta

Mun ɗauko zanen hanjin watan Yuni. Cikin ya zama siriri, naɗin ya tafi, hanjin ya gajarce sosai don yanzu ƙwari zai ci.

Hanjin talibambam ɗin nan yana da tarihi. A 1962 John Gurdon a Ingila ya ɗauki cibiyar ƙwayar halitta daga hanjin talibambam, ya dasa a ƙwan da aka lalata tasa cibiyar, ƙwan ya girma ya zama talibambam cikakke. Ma'ana ƙwayar hanji ba ta yar da umarnin gina ido ko ƙafa ba, rufe shi kawai ta yi. Ya karɓi Nobel a 2012 tare da Shinya Yamanaka. Kwaɗon da ya yi aiki da shi, Xenopus laevis, mai farata a ƙafar baya, ɗan kudancin Afirka ne, kuma gwajin ciki ne ya fara kai shi ɗakunan bincike na duniya. Daga shekarun 1930 zuwa 1960 ana yi wa macen kwaɗon allurar fitsarin 'yar Adam, in akwai juna biyu sai ta zuba ƙwai kafin gari ya waye, kuma ba a kashe ta, za a sake amfani da ita. Masana suka ga ga dabbar da za ta ba ka ƙwai kowane wata na shekara. A fatarsa ma Michael Zasloff ya gano sinadarai masu kashe ƙwayoyin cuta a 1987, bayan ya lura raunin tiyata na warkewa ba ruɓa duk da ruwan da suke ciki ba tsaftatacce ba ne.

11 ga Agusta

Goma sha tara sun kammala, jela ta ƙare ko saura ɗan tsini. Ciyar da su ya fi ƙarfina, abin da ke motsi kawai suke kamawa, kuma sai ƙanana ƙwarai. Da magariba na kai su kududdufin da na ɗebo su, ba wani ba. Akwai funfunar fata da ta hallaka kwaɗi a nahiyoyi da dama, an ba ta suna a 1999, kuma ɗaukar kwaɗo daga wani ruwa zuwa wani na cikin hanyoyin yaɗa ta. Binciken 2023 ya nuna kusan kashi 41 cikin ɗari na jinsunan dangin kwaɗo na fuskantar barazanar ƙarewa. Na wanke akwati da bokitai da ruwan bilic na shanya a rana.

Saura huɗu da suka makara, har yanzu ƙafar baya kawai gare su, suna baho.

Gangar jikin takarda ta bushe ba tsaga. Hanta ta zauna daidai. Zuciyar nake son in sake, a yi ta gida biyu da za a buɗe a ga loko-lokon ciki. Bayan ita sai ƙasusuwa da waya: gajeren ƙashin baya mai gaɓa tara, dogon ƙashin da ya biyo bayansu, ƙasusuwan ƙwauri biyu da suka haɗe suka zama ɗaya, da ƙasusuwan idon sawu da suka yi tsawo suka ƙara wa ƙafar gaɓa guda don tsalle. Ina bukatar waya mai laushi fiye da wadda na saya. Sabon ƙwai kuma, in an sake ruwa mai ƙarfi kafin hutu, zan je da tocila tun cikin dare don mu sami rabuwar farko.